Kifin Neman Aurena

Jama'a, kafin in fara, ina da saƙo ga baiwar Allahn da ta rubuto min cewa in yi haƙuri da Shazali don yana da tausayin halittun Ubangiji. 'Yar uwa na gode, amma ni ma halittar Ubangiji ce, kuma ni aka kusa bari a zaune da lalle a ƙafa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Rawiya. A Kusair aka haife ni, a bakin Bahar Maliya, gidanmu shi ne mai shuɗiyar ƙofa a layin masu gyaran raga. Babana Rayyis Abdussabur masunci ne tun kafin ya yi gemu, kuma a tashar jiragen ruwa idan ya yi magana babu mai musu. A gida kuwa ba shi ne mai gida ba. Mai gidan ita ce mahaifiyarsa, Sitti Nabawiya, wadda ba ta kai tsayin firjinmu ba, amma idan ta yi gyaran murya har kyanwa sai ta gyara zama.

Sitti tana da doka. Ba a karanta wa 'yar gidanmu Fatihar baiko sai saurayin ya kawo kifin da ya kama da hannunsa. Ba na kasuwa ba, ba na aboki ba. Ita za ta dafa sayadiya da shi, shinkafar nan da ake soya wa albasa har ta yi ja, dangi biyu su ci a faranti ɗaya, sannan a ɗaga hannu. Haka aka yi wa gwaggonnina, haka aka yi wa yayata. Duk ranar da zancen ya taso kuma sai mun sha labarin jan kifin nan, najil, da marigayi kakanmu ya kawo mata. Shi fa akawu ne da ya zo daga Kina, garin da babu teku ko a mafarki, amma Sitti ta ce so ne ya koya masa su a rana ɗaya. Ina ƙarama kifin nan tsawon hannu ne. Da na gama sakandare ya kai tsayin ƙofa. Bana maza biyu ne suka ɗauko shi a kan sanda.

To ni sai Allah ya haɗa ni da Shazali, mutumin da duk garin nan babu wanda ya kai shi sanin inda kifi yake ɓuya, kuma babu wanda ya kai shi dawowa gida hannu Rabbana. Aikinsa ke nan. Yana da farin jirgi mai inji biyu, yana ɗaukar baƙi, Turawa da masu hali na Alƙahira, ya kai su bakin duwatsun murjani. Ya ba su sanda, ya ɗaura musu kifin roba, ya nuna musu inda za su jefa. Su yi ta kokawa da ƙaton kifi har gumi ya jiƙa su sharkaf. Idan an jawo shi sai a ɗauki hoto, a sumbace shi a goshi, a mayar da shi ruwa. Har ƙugiyoyinsa yakan danne musu haƙori da filaya, wai kada bakin kifi ya yage. Ni dai na ga dogo, mai murmushi, mai kunyar kallon ido, na faɗa.

Mama kuwa ba ta faɗa ba. Ita ɗan yayanta take so, Midhat, mai shagon magani a Safaga, wanda ke zuwa gidanmu da turaren da ke riga shi shigowa kuma ya kwana biyu bai fita ba. Ita ce ta ɗauki wayarta ta zauna kusa da Sitti, kamar ba da wata manufa ba, ta kunna mata bidiyon Shazali.

Sitti ta gyara tabarau, ta kalla har ƙarshe.

"Sake kunna min," in ji ta.

Aka sake.

"Suɓuce masa ya yi?"

"A'a Sitti," na ce ina murza gefen mayafi, "sakinsa ya yi."

"Da gangan?"

"Haka aikin yake."

Ta cire tabarau ta ɗora a cinya. "Wato mutum ya sha wahala, ya yi gumi, ya samu abin da yake nema, ya sumbata, ya ɗau hoto, ya ce je ki Allah ya kiyaye. Rawiya, buɗe kunnenki da kyau. Haka zai yi miki."

Mama ta yi wata 'yar dariya ta cikin hanci da har yau ban yafe mata ba.

An riga an sa rana. Iyayensa za su taso daga Marsa Alam ranar Juma'a, su iso bayan an sauko daga masallaci. Sitti ta ce ita ba ta da matsala da kowa: idan ta ɗora tukunya babu kifi, baƙi su sha shayi su koma inda suka fito, ba za a karanta ko Basmala ba. A ranar Mama ta ciro sabon mayafin tebur ta goge, kuma na san ba don mutanen Marsa Alam ta goge shi ba.

Na tura masa saƙo: "Kifi ɗaya, Shazali. Guda ɗaya tak. Kullum kana cikinsu."

Ya amsa: "Wannan ai ba komai ba ne. Gobe in sha Allahu."

Gobe ta yi. Ya turo hoto yana rungume da wani dirkeken kifi, ƙasa ya rubuta: "Wannan mace ce, cikinta cike da ƙwai. Ba zan iya ba."

Washegari: "Wannan yaro ne, bai gama girma ba."

Na rubuta: "Ni ma ban gama girma ba, amma za a ba Midhat ni."

Ya turo fuska mai kuka. Na tura masa hoton wuƙa.

Ranar Alhamis ya kai ni bango. "Rawiya, wannan na san shi. Mun taɓa haɗuwa bara." Na zauna a bakin gado ina kallon rubutun nan, fanka tana juyi a kaina, rigar baikona ruwan zuma mai duwatsu a wuya tana rataye a jikin ƙofa. Wallahi sai da na yi kuka, kuma ba kukan shagwaɓa ba. Tsoro ne ya kama ni, don na fara jin ƙamshin gaskiya a maganar Sitti.

Baba ne ya yanke zancen. Ya ce da asubar Juma'a shi da kansa zai hau jirgin ya ga abin da ke hana yaron nan kama kifi. Na ce ƙafata ƙafarsa. Mama ta ce amarya ba ta shiga rana. Na ce idan ban shiga ranar ba babu amaryar ma.

Na saka tsohuwar baƙar abayata, na ɗaure mayafi tamau, na ɗora malafar Baba a kai. Baba ya saka jallabiyarsa mai ruwan toka, ya ɗauki ɗan kwandonsa da ba ya rabuwa da shi. A tashar muka tarar da Shazali ya ci ado da riga mai dogon hannu da safar hannu da baƙin gilashi, kamar mai shirin yi wa kifi tiyata. Gefensa kuma ga wani tsohon Bature, jajir da shi, ya shafe hanci da farin mai.

"Wane ne wannan?" Baba ya tambaya.

"Sinyor Baldo ne, Rayyis, daga Italiya. Tun watanni ya kama ranar yau, ba yadda zan yi da shi."

Baba ya kalli Baturen sama da ƙasa, ya kalli jerin sanduna masu ƙyalli, ya ɗaga wani kifin roba mai ruwan hoda ya jujjuya.

"Wannan suke ci?"

"Suna kai masa hari, Rayyis."

"Lallai kifin zamani ma ya lalace."

Zan faɗi gaskiya ko da ina jin haushinsa: idan Shazali yana kan ruwa wani mutum ne daban. Ya kashe inji nesa da duwatsun, ya bar iska ta tura mu a hankali. Ruwan garau yake, kana hango murjani ja da ɗorawa a ƙasa, can gaba kuma inda dutsen ya yanke sai shuɗi mai duhu. Ya nuna wa Baldo wani wuri da ƙananan kifaye ke tsalle. Baldo ya yi ta jifa har kafaɗarsa ta gaji, ya zauna yana haki yana shan ruwa. Shazali ya karɓi sandar, ya kalle ni ta saman gilashi, ya jefa.

Kifin robar ya faɗi daidai bakin shuɗin. Ya fara fizgarsa, yana fantsama ruwa, fal, fal. A fizga ta uku ruwan ya fashe kamar an jefa buhun siminti. Sandar ta lanƙwashe, zaren ya fara kuka.

"Bayad ne," in ji Baba, ya miƙe tsaye. "Babba ne. Kada ka bari ya kai ka dutse, yaro."

Baba fa, wanda ya gama zagin kifin roba, shi ne ya koma kan sitiyari yana ja da jirgin baya. Shazali ya tokare ƙafa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Ni kuwa ban bar addu'ar da na sani ba, har ta shiga kasuwa na karanta. Aka daɗe ana abu ɗaya, kifi ya ja, ya ja, har ya gaji ya taso a kwance, fari sol, faɗinsa ya kai ƙofar firji. Shazali ya sunkuya ya kamo wutsiyar ya ɗora shi a cinya. Na ga tukunyar Sitti, na ga albasa tana ja, na ga fuskar Mama tana ninke mayafin teburinta.

Baldo ya taso da kyamara yana tafi yana surutu da yarensu. Shazali ya juya masa kifin ta gefen haske, ya yi murmushin nan nasa na hoto. Ya zare ƙugiyar da yatsu biyu. Ya sumbaci goshin kifin. Ya sunkuya bakin jirgi, ya riƙe shi a cikin ruwa yana kaɗa shi gaba da baya, ya buɗe hannu.

Kifin ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya watsa min ruwa a fuska, ya tafi.

Shazali ya miƙe yana goge hannu a wando, yana murmushi, ya juyo. Sai ya ga Baba. Sai ya gan ni. Ina kallo murmushin ya zube daga fuskarsa.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

Baba ya koma ya zauna, ya ciro carbi.

"Rawiya, wallahi hannuna ne. Ban ma san na yi ba. Kyamarar ce, da na ga kyamara sai..."

"Hannunka ne ko zuciyarka?"

Ya cire baƙin gilashinsa. Da ma ya yi min ƙarya da na fi jin sauƙi, amma Shazali bai iya ba.

"Hannun ne ya fara," ya ce, "amma da ya shiga ruwa na ji daɗi. Sai da na juyo na tuna."

Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Na juya masa baya na koma can ƙarshen jirgi na zauna, don kada in yi kuka a gaban Bature.

Daga nan ya zama kamar mahaukaci. Ya jefa gabas, ya jefa yamma, ya canza roba ja, ya canza shuɗiya. Amma rana ta riga ta ɗaga, manyan kifaye sun yi ƙasa, ko mai leƙe babu. Baba ya kalli inuwa ya ce saura kaɗan mu juya, shi ba zai rasa Juma'a a kan kifi ba.

Kwandon Baba yana gefen ƙafata. Na san abin da ke ciki, don tun ina 'yar shekara bakwai nake binsa: fatsarsa ta hannu, zare a naɗe a jikin guntun katako, da darma, da ƙugiya mai haƙorinta cikakke, sai 'yan sardin a leda. Na waiga. Maza uku duk suna kallon wancan gefen. Na soke sardin ɗaya na saki zaren a hankali ta bayan inji, ina jin darmar tana sauka har ta taɓa ƙasa, na ɗan ɗago.

Ban gama gyara zama ba aka fizge ni. Zaren ya ruga ta cikin tafin hannuna na dama kamar an ja min reza. Na san idan na sassauta zai shige rami a cikin murjani, shi ke nan, ni da Midhat da turarensa har abada. Na naɗe zaren a hannu na cije leɓe na ja. Jini yana bin zaren, ina ja. Sai ga shi ya taso, najil ja jawur mai ɗigo-ɗigon shuɗi, ya kai tsawon hannuna daga kafaɗa. Na wurgo shi cikin jirgi ya faɗi tim a gaban Baldo.

Baldo ya ɗaga kyamara yana nuna min ruwa da hannu, wai in sumbata in saki. Na ɗauki katakon da ake tokare akwatin ƙanƙara na ba kifin ɗaya a ka. Bature ya dafe ƙirji ya zauna.

"Ga kifinka," na ce wa Shazali. "Kai ka kama."

"Rawiya, hannunki." Ya cire rigarsa ta sama zai ɗaure min, idonsa ya yi ja. "Ba zan iya ce wa Sitti ni na kama ba. Zan gaya mata gaskiya."

"Ka buɗe baki in tura ka ruwa ka bi ɗan'uwanka kifi."

Muka kalli Baba. Ya ja carbi ɗaya, biyu.

"Ni ban taɓa yi wa uwata ƙarya ba," ya ce, "kuma ba zan fara a kan kifi ba. Idan ta tambaye ni zan faɗa." Ya tada inji. "Idan ba ta tambaya ba, ni ba mai surutu ba ne."

A tsakar gida muka sami Sitti a kan kujerarta ta roba, tukunya a wanke a gefe. Shazali ya durƙusa ya ajiye kifin a tire yana zufa kamar wanda aka kama da akuyar sata. Ni na ja hannun abaya na rufe hannuna. Sitti ta danna cikin kifin da yatsa, ta duba idonsa, ta shinshina. Shazali ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Ya sake buɗewa, na sake takawa da dunduniya.

"Ku tafi masallaci," kawai ta ce. Ko kallon Baba ba ta yi ba.

Mama ta leƙo, ta ga kifi, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa da ƙarfin da bai kamata ba.

Na bi Sitti kicin. Ta farke cikin kifin, ta wanke, ta tsattsaga jikinsa. Ta daka tafarnuwa, ta zuba gishiri a kwano, ta matse lemon tsami a kai har ya yi ruwa. Sai ta turo min kwanon.

"Amarya ce ke shafawa."

Na miƙa hannun hagu.

"Da hagu? Abincin baikonki? Wa ya rene ki?"

Jama'a, na tsoma. Ban san akwai irin wannan azabar a duniya ba. Na ga taurari da rana tsaka. Na cije, na shafa gefe ɗaya, na juya kifin, hawaye suna zuba a kan tiren, ina cewa albasa ce alhali ko ɓare ta ba a yi ba. Sitti ta bar ni sai da na gama tas. Sannan ta kama wuyan hannuna ta kai bakin famfo, ta wanke, ta juya tafin sama. Yankan ya ratsa daga gindin ɗan yatsa har gefe.

Na ce shi ke nan, an gama da ni. Na fara, "Sitti, don Allah..."

"Rufe min baki."

Ta tura ƙofar kicin da ƙafa. Ta buɗe nata tafin na dama ta ajiye kusa da nawa. Akwai wani farin layi a ciki, siriri, daga gindin ɗan yatsa har gefe. Hannun nan ya yi min wanka, ya yi min kitso, ya mare ni ba adadi, kuma duk rayuwata na ɗauka zanen hannu ne irin na kowa.

"Kakanki," ta ce ƙasa-ƙasa, "tun daga tashar ya fara amai, sai kwance aka dawo da shi. Na saci fatsar babana na bi kan duwatsu da ruwa ya janye."

"Sitti, kifin da maza biyu suka ɗauko?"

"Bai fi takalmina ba. Idan kika faɗa wa wani sai na yanke miki harshe." Ta ɗauko tsumma mai tsabta tana naɗe min hannun. "Shi ma sau biyu ya buɗe baki zai tona mana asiri a gaban babana, na taka masa ƙafa. Har ya koma ga Allah bai iya ƙarya ba, bai iya kifi ba, kuma bai taɓa sa ni kuka ba sai ranar da ya tafi."

Ta ɗaure bakin tsumman, ba ta saki hannun ba.

"Kina son shi har haka?"

"Ina son shi, Sitti. Haushinsa nake ji kamar in mutu, amma ina son shi."

"To miƙo min albasa."

An ci sayadiya, an suɗe faranti. Mahaifiyar Shazali ta tambayi abin da ya sami hannun amarya, Sitti ta ce wuƙa ce, yaran yanzu ba su iya komai ba. Aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha a kan sabon mayafin teburin Mama, ita kuma tana shafawa tana kallon silin. Shazali ya saki ajiyar zuciya, ya ɗauka ya tsallake.

Ana zuba shayi Sitti ta yi gyaran murya.

"Shazali, ɗana. Gobe kana da baƙi?"

"Babu, Sitti."

"Yanzu kana da. Abdussabur ya ce min akwai wani farin kifi da ka sumbata a gaban jikata. Za ka kai ni daidai inda ka ajiye shi, ina so mu gaisa." Ta juya wajen Baba. "Kai kuma ka bar min fatsarka. Rawiya, jiƙa min babbar tukunyar nan ta biki."

Shayi ya sarƙe Shazali har sai da babansa ya bubbuga masa baya.

Ɗazu bayan la'asar saƙonsa ya shigo: "Rawiya, don girman Allah ki ɓoye mata fatsar. Kifin nan ya girme mu, bai yi wa kowa komai ba."

Na karanta har sau biyu. Na kifa wayar a kan tabarma, na gyara ɗaurin hannuna, na ci gaba da wasa wa Sitti ƙugiyar a kan dutse.